Zobe, Bajo da Wasiƙu Bakwai: Sharhi Kan Wani Shagon Kayan Auren Zamanin Yaƙi

Shekara biyu ke nan ina hulɗa da wani shago na intanet wanda bai sa komai a gaba ba sai kayan tunawa na aure da na neman aure da suka rage daga yaƙoƙin duniya biyu, wato zobba da wasiƙu da hotunan ango da amarya da katunan gaisuwa da rigunan amare, har da ƙananan kayan ado waɗanda sojoji kan bar wa matan da suka yi wa alkawari kafin jirgi ya tashi da su. Ni malamin tarihi ne, kuma abin da ya kai ni can shi ne na gaji da koyar da yaƙi da taswira da sunayen janar-janar kawai, alhali mafi yawan waɗanda abin ya rutsa da su matasa ne da ba su girmi ɗalibaina da wani abin kirki ba, kuma babban abin da ke cin ransu a lokacin shi ne ko za su kai ranar ɗaurin aurensu da rai. Sau huɗu na yi ciniki da shagon, abu huɗu suna hannuna yanzu, ɗaya kuma na mayar. Da yake akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, zan sakaya sunan shagon, in tsaya a kan abin da idona ya gani da abin da hannuna ya taɓa.

Abu na farko da na saya zoben aure ne na zinariya, siriri ƙwarai, wanda aka ƙera a Ingila a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda bai san tarihinsa ba yana iya raina shi, domin ba shi da ado ko kaɗan, kuma idan ka ɗora shi a tafin hannu da ƙyar za ka ji nauyinsa. Dalilin haka shi ne a shekarar 1942 gwamnatin Birtaniya ta ƙayyade yadda za a riƙa ƙera zoben aure. Ta hana yin sabon zobe da zinariya mai karat 22 wadda mutane suka saba da ita, ta ce sai dai mai karat 9, wato wadda tsantsar zinariyar da ke cikinta kashi 375 ce cikin dubu, nauyin zoben kada ya wuce kimanin giram 3, kuɗinsa kuma kada ya haura sule 21. Ga shi kuwa lokaci ne da ake matuƙar bukatar zobba, domin soja kan sami hutun kwana biyu ko na mako ɗaya, a cikin wannan ɗan lokaci za a nemi izini, a samo zobe, a ɗaura aure, ya ɗauki jakarsa ya koma bakin daga.

A kan wannan zobe ne shagon ya fara samun yardata. Hoto shida suka saka, uku daga ciki na hatiman da ke cikin zoben ne, an ƙara musu girma har mutum yana iya karanta lamba 375, ya ga ƙugiyar jirgin ruwa wadda ita ce alamar ofishin tantance zinariya da azurfa na Birmingham, ya ga harafin da ke nuna shekarar da aka buga hatimin. Sun auna shi, sun rubuta nauyinsa da faɗinsa. Da aka zo wurin da ya kamata a faɗi tarihin mai shi kuwa, sai suka rubuta cewa a gwanjo suka same shi cikin tarkacen kayan wani gida, kuma babu wata takarda da ta zo tare da shi. Duk wanda ya daɗe yana leƙa kasuwar kayan tarihi ya san darajar wannan jimla, domin akwai masu sayarwa da ba sa iya barin zobe ya fita hannunsu ba tare da sun laƙaba masa labarin wani matuƙin jirgi da bai dawo ba, don kawai kuɗin ya tashi. Da zoben ya iso na sa madubin ƙara girma na duba, na tarar da komai yadda suka faɗa. Na kuma ga abin da hoto bai nuna ba: gefen da ke kallon tafin hannu ya siɗe har ya fi sauran sirantaka, alamar cewa matar da ta sa shi ta shafe shekaru da yawa tana wanki da ɗaukar kaya da shi a yatsa. Wannan sirantakar ce nake fara nuna wa ɗalibai, kafin in ce musu komai game da dokar 1942.

Cinikina na biyu abu biyu ne a haɗe, kuma a nan ne na fara ganin inda shagon yake tuntuɓe. Na farko ɗan bajo ne na azurfa mai siffar fukafukan rundunar sojan saman Birtaniya, irin wanda mace kan maƙala a ƙirjin rigarta don a san cewa mijinta ko wanda zai aure ta yana cikin wannan runduna. An yi irin waɗannan bajoji da yawa a yaƙoƙin biyu, kowace runduna da tambarinta, kuma an yi su daidai da aljihun kowa, daga na tagulla da na azurfa har zuwa na zinariya mai duwatsu masu daraja. A hoton da shagon ya saka, bajon yana da duhun da azurfa kan yi idan ta tsufa, kuma a bayansa ana ganin haruffa biyu da wani ya karta da tsinin abu. Amma da na buɗe kunshin sai na tarar da shi yana walƙiya kamar sabo, an goge shi da maganin goge azurfa, haruffan nan kuma sun dushe har sai an karkata shi ga haske sannan a gan su. Raina ya ɓaci sosai, domin waɗannan haruffa su ne kaɗai abin da ya rage na mutanen da suka mallaki bajon. Na rubuta musu, kuma amsar ta zo washegari daga mai shagon da kanta. Ba ta yi musu ba, ta ce wani sabon ma'aikaci ne ya goge shi da niyyar kyautatawa, ta ba da haƙuri, ta mayar mini da wani kaso na kuɗin. Na karɓi uzurin, sai dai abin da aka goge ba ya dawowa, kuma shagon da ke wannan sana'a ya kamata tun ranar farko ya koya wa duk wanda zai taɓa kaya cewa tsufan abu yana cikin abin da mai saye yake biya.

Na biyun katin gaisuwa ne daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, irin wanda ake yi wa ado da zaren alharini a Faransa da Beljiyam ana sayar wa sojoji tsakanin 1914 da 1918. An yi masa furanni da tutoci, kuma yana da ɗan aljihu wanda ake saka ƙaramin kati a ciki. Babu kan sarki a bayansa, kuma shagon ya yi bayani daidai cewa wannan ba alamar jabu ba ce, domin yawancin irin waɗannan katuna a cikin ambulan ake aika su don kada zaren ya lalace. Ba ni da abin cewa a kansa sai yabo.

Rigar amarya ce abin da na fi sa rai a kai, ita ce kuma na mayar. Kafin a fahimci dalilin da ya sa rigar amaryar wancan zamani take da daraja, sai an san cewa daga ranar 1 ga Yuni, 1941 har zuwa watan Maris na 1949 ba a sayen tufafi a Birtaniya da kuɗi kaɗai, sai an haɗa da tikitin rabo. Da farko tikiti 66 ake bai wa babban mutum a shekara, daga baya aka rage zuwa 48, sannan aka ci gaba da ragewa, alhali rigar ulu guda ɗaya ta mace tikiti 11 take ci. Saboda haka yarinyar da za ta yi aure sai ta zaɓa tsakanin farar rigar da za ta sa rana ɗaya da kayan sanyin da za su fitar da ita hunturu. Wasu sun yi aure cikin kakin aikinsu, wasu sun ara, kuma akwai rigar da takan zagaya amare da yawa ana rage ta ana ƙara ta. Ko Gimbiya Elizabeth, wadda ta yi aure ranar 20 ga Nuwamba, 1947, da tikiti aka sayi yadin rigarta, gwamnati ta ƙara mata 200, waɗanda mata suka aiko mata don taimako kuma aka mayar musu, saboda doka ta hana bai wa wani tikitinka. A cikin wannan ƙunci ne lemar sauka daga jirgin sama ta zama abin nema, domin lema ɗaya yadi ce mai yawa, fara, mai laushi. Da alharini ake yin ta da farko, amma da yaƙi ya toshe hanyar alharinin Japan sai aka koma ga nailan. A gidan tarihin Smithsonian da ke Washington akwai rigar amarya da aka ɗinka da lemar nailan wadda ta ceci ran wani matuƙin jirgin B-29 a 1944, aka yi auren da ita a 1947. A gidan tarihin tunawa da kisan ƙare dangi da aka yi wa Yahudawa da ke birnin kuma akwai wata rigar lema wadda wata mata da ta tsira daga sansanin Bergen-Belsen ta yi aure da ita a 1946, sannan wasu amaren da dama suka sa ta a bayanta.

Irin wannan riga ce shagon ya ce yana sayarwa, ya rubuta cewa da alharinin lema aka ɗinka ta. Na tara kuɗi na saya, kuma ranar da ta iso na shimfiɗa farin zani a kan tebur na kwantar da ita. Riga ce mai dogon hannu da ƙananan maɓallai a baya, ta rine zuwa launin madara, an yi mata ƙari a gefe biyu da ɗinkin hannu, alamar cewa ba mace ɗaya ce ta sa ta ba. Mai ɗakina, wadda ɗinki ne sana'arta, ta wanke hannu ta zo ta juya cikin rigar waje, ta bi haɗin ɗinkin da yatsa daga kafaɗa har ƙasa, ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, "Malam, wannan yadin ba a taɓa ɗinka shi ya zama wani abu ba kafin wannan riga." Hujjarta mai ƙarfi ce. Lema ba shimfiɗa ɗaya ba ce, haɗin ƙyallaye ne masu faɗi a ƙasa da tsukewa a sama, an yanka su a karkace, an haɗa su da kakkauran ɗinki mai ninki domin su jure bugun iska, kuma tela komai ƙwarewarsa ba ya iya fitar da doguwar riga daga cikinta ba tare da wani daga cikin waɗannan haɗe-haɗe ko ramukan allurarsu sun bayyana ba. Wannan riga kuwa a miƙe aka yanka yadinta, babu ko alamar tsohon ɗinki. Akwai wani zare da ya riga ya zame yana lilo a cikin leɓen rigar, ta cire shi ta kai bakin ashana. Alharini idan ya ƙone warin gashi yake yi, ya bar toka mai murmushewa, nailan kuma narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Wannan zare ya kama da sauri, ya yi warin takarda, wato reyon ne, yadin da aka fi yin rigunan mata da shi a shekarun yaƙin.

Na aika wa mai shagon hotunan cikin rigar da bayanin abin da muka gani, ina zaton za a yi ja-in-ja. Ba a yi ba. Ta ce dangin da suka sayar mata da rigar ne suka gaya mata haka, ita kuma ta ɗauka ba ta bincika ba, kuma laifin nata ne. Ta biya kuɗin mayarwa, ta dawo mini da kuɗina cif cikin mako guda. Bayan kamar wata ɗaya na sake leƙa shagon na ga rigar, an gyara bayaninta, an rubuta cewa reyon ce ta zamanin yaƙi, an ambaci abin da dangin suka faɗa a matsayin labarin baka wanda yadin bai gaskata ba, kuɗin kuma ya sauka sosai. A ganina wannan shi ne mafi girman abin da zan faɗa na alheri game da shagon, domin ba wanda zai sani da ta sake saka rigar da tsohon bayaninta ta jira wani mai saye wanda ba shi da tela a gida. Duk da haka ina bai wa duk mai niyyar sayen rigar lema shawara, a wannan shago ko a wani, ya nemi hoton cikin rigar kafin ya biya ko kwabo.

Ta fuskar naɗe kaya da aikawa, shagon ya san aikinsa. Rigar ta zo a kwali mai ƙarfi, an cusa lallausar takarda marar sinadarin asid a kowane ninki don kada yadin ya karye, katin kuma an saka shi a cikin leda mai haske irin wadda gidajen adana takardu ke amfani da ita. Kowane kunshi yana zuwa da 'yar takardar gargaɗi mai amfani, wadda ke cewa kada a manna salatif a tsohuwar takarda, kada a rufe ta da roba mai zafi, a cire ƙarfen maƙale takarda saboda tsatsa, a nisanta kaya daga hasken rana da danshi, kuma kada a rataye tsohuwar riga domin nauyinta zai yaga kafaɗunta. Isowar kaya takan ɗauki lokaci, sau ɗaya ma ta wuce ranar da suka faɗa da kwana goma, amma suna amsa saƙo cikin kwana ɗaya ko biyu. Kuɗin kayansu ya ɗan fi na masu sayarwa a gwanjon intanet, kuma ban ga laifin haka ba, tun da ana biyan binciken da suka yi da damar mayar da kaya.

Inda shagon ya gaza a idon malamin tarihi shi ne ƙarancin faɗin abin da yake tarawa. Kusan komai na Birtaniya ne da Amurka da Kanada. Suna da sashe mai kyau na kayan amaren yaƙi, wato matan Birtaniya kimanin 70,000 da suka auri sojojin Amurka da wasu kimanin 48,000, akasarinsu su ma daga Birtaniya, da suka bi mazajensu zuwa Kanada. A wannan sashe na ga takardun maƙalawa a akwati da katunan shiga jirgi na watannin da suka biyo bayan dokar da Amurka ta zartar a Disamban 1945 don sauƙaƙa shigar matan sojojinta, lokacin da jirgin ruwan Argentina ya tashi daga Southampton a Janairun 1946 da rukunin farko na mata 452. Amma ban taɓa ganin wasiƙar sojan Tarayyar Sobiyet ba, wadda ake ninkewa ta zama mai kusurwa uku ba tare da ambulan ba. Ban ga zoben ƙarfe irin wanda aka bai wa matan Italiya ba, bayan sun miƙa zobbansu na zinariya ga gwamnati ranar 18 ga Disamba, 1935, lokacin da ƙasarsu ta mamaye Habasha. Ban ga takardar auren nesa na Jamus ba, inda ake ɗaura wa mace aure da sojan da ke fagen daga, a ajiye hular kwano a wurin da ya kamata ya zauna. Haka kuma babu komai na sojojin Indiya da na Afirka da suka yi yaƙi a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, alhali su ma sun bar mata suna jira. Mai neman cikakken hoton yadda yaƙi ya taɓa aure a duniya ba zai same shi a wannan shago ba.

Na bar maganar wasiƙu a ƙarshe domin ita ce ta fi tsaya mini a rai. A 1941 ma'aikatar gidan waya ta Birtaniya, tare da kamfanin Kodak, ta ɓullo da wata dabara ta isar da wasiƙun sojojin da ke Gabas ta Tsakiya, saboda wasiƙar da ta bi jirgin ruwa ta zagaya kudancin Afirka takan shafe watanni a hanya. Soja zai rubuta wasiƙarsa a kan fom mai shafi ɗaya, jami'in tace wasiƙu ya karanta ya buga hatimi, a ɗauki hotonta a kan siririn fim wanda naɗi ɗaya kan ɗauki wasiƙa kimanin 1,600, a sa fim ɗin a jirgin sama, idan ya isa Ingila a wanke shi a fitar da kowace wasiƙa a matsayin ƙaramin hoto a kai wa mai ita. Amurka ta kwaikwayi tsarin daga watan Yunin 1942 da sunan V-mail, inda wasiƙa 150,000 da za su cika buhu 37 suke komawa buhu ɗaya. Ma'anar wannan ita ce matar da ke jira ba ta taɓa riƙe takardar da hannun masoyinta ya taɓa, hoton rubutunsa kawai take samu, an rage masa girma har sai ta kusanto da shi ga fitila, kuma ba zai iya saka mata ko busasshen fure a ciki ba.

Bakwai daga cikin irin waɗannan wasiƙu na saya, duk daga hannun wani soja da ke Masar zuwa ga wata yarinya a Ingila, tsakanin 1942 da 1943. Kowace ba ta fi tafin hannuna girma ba. Rubutunsa ƙanana ne, a matse, yana cika shafin har bakinsa saboda kada ya yi asarar wuri, kuma a biyu daga ciki akwai baƙin layi inda mai tacewa ya shafe sunan wani wuri. Abin da yake faɗa ba mai yawa ba ne: zafi da ƙuda da rairayi a cikin abinci, tambayar lafiyar mahaifiyarta, da roƙon ta aiko masa da sabon hoto domin wanda ke aljihunsa ya fara dushewa saboda gumi. A ɗaya daga ciki ya nemi ta ba shi amsa a kan maganar da ya yi mata a tashar jirgin ƙasa, ya ce ba zai ga laifinta ba idan ta ga ba za ta iya jira ba. Na karanta wa ɗalibaina wannan wuri, ajin da ba ya rabuwa da surutu ya yi tsit. Ƙaramin kuskure ɗaya na gani a naɗin, shi ne an ɗaure su da zoben roba, alhali roba tana fitar da sinadarin da ke ɓata hoto, kuma waɗannan wasiƙu hotuna ne, don haka na cire shi nan take.

Babban ƙorafina ya fi wannan nauyi. Kamar yadda sojoji da yawa suka saba, mutumin nan yakan sa wa kowace wasiƙa lamba a sama, domin yarinyar ta gane idan wata ta ɓata a hanya. Lambobin da ke hannuna su ne 4 da 5 da 9 da 11 da 12 da 17 da 23. Da farko na ɗauka sauran sun salwanta ne cikin shekarun da suka shige, sai wata rana ina duba shagon na ci karo da rubutun da na sani, an saka shi a matsayin kaya dabam, mai lamba 14. Da na bincika na tarar da wasu uku, kowace da kuɗinta, na kuma fahimci cewa an riga an sayar da wasu ga mutane dabam-dabam. Wato yarinyar nan ta adana wasiƙun a jere tsawon rayuwarta, sun tsallake ƙaura da tsufa da mutuwa suna tare, sai da suka iso hannun masu sana'ar adana tarihi sannan aka raba su. Na san lissafin da ke bayan haka, domin wasiƙa talatin a ɗaiɗaice sun fi kawo kuɗi a kan ƙunshi ɗaya, kuma mai ƙaramin ƙarfi yana iya sayen ɗaya. Amma wasiƙa mai lamba 12, wadda a cikinta ya nemi amsa, rabin magana ce idan babu waɗanda suka biyo bayanta, kuma tazarar da ke tsakanin wasiƙar Oktoban 1942 da ta Disamba, wadda ta zo daidai da lokacin gumurzun El Alamein a Masar, ba ta da wata ma'ana ga mai nazari muddin ba a san ko shirun na sojan ne ko na shagon ba. Shagon da ya ƙi ƙirƙira wa zobe labarin ƙarya bai kamata ya yayyaga labarin gaskiya da ya zo masa a haɗe ba.

Na rubuta wa mai shagon doguwar wasiƙa a kan haka, na roƙe ta abu biyu: ta daina raba wasiƙun mutum ɗaya, idan kuma dole ne a raba, to a ɗauki hoton dukkansu a jere a bai wa kowane mai saye kwafi. Ta amsa cewa ba za ta iya alkawarin na farko ba saboda yadda kasuwa take, amma ta karɓi na biyu, kuma ta cire huɗun da suka rage daga kasuwa ta ajiye mini har in sami halin biya. Ta kuma aiko mini da hoton mai lamba 14 kyauta. A cikinta sojan yana godiya a kan amsar da ya samu, yana kuma tambayar yarinyar ta auna yatsarta da zare ta faɗa masa tsawonsa, domin ya rubuta wa ƙanwarsa ta fara neman zobe.